Shirwar Ranar Lahadi

Tun kafin sanyi ya shigo Isamu yake roƙon mahaifiyarsa ta yarda ta ga Sumire, ita kuwa amsarta ɗaya ce: ba za ta ba wa bazawara mai 'ya ɗanta tilo ba, alhali ga Kanae nan, yarinyar da ta tashi a gabanta. Sai a makon nan, da ya daina cin abinci a gidan, ta ɗan sassauta. Ta ce ya kawo ta ranar Lahadi da yamma su sha shayi. Shayi kawai. Daga nan za ta faɗi maganarta ta ƙarshe.

Shi ya sa yau Sumire take tsaye a ƙofar gidan Negishi, gidan su Isamu, ta cire rigar sanyinta tun daga waje ta ninke a hannu, haƙoranta na karo da juna. Ta durƙusa ta share wa 'yarta Nagi hanci, ta canza mata safa da wata sabuwa da ta taho da ita, don ba a taka tabarmar mutane da safar da ta sha dattin jirgin ƙasa.

"Me na ce miki?"

"Kar in taɓa komai."

"Sai me?"

"Kar in ce alewar ba daɗi."

"Ko da ba daɗin?"

Nagi ta turo baki. "Ko da ba daɗin."

Isamu ya yi dariya. "Haba Sumire, sai ka ce gaban alƙali za mu."

"Da alƙalin ne ai da sauƙi," in ji ta. "Shi sai ya saurara yake yankewa."

Ya gyara mata gashin da iska ta hargitsa, ya ce cikin sanyin murya, "Ki faɗa mata gaskiyarki kawai. Inna tana da zafi, amma ba abin da ta tsana kamar ɓoye-ɓoye."

Ta kawar da kai. Akwai abu guda da ba ta taɓa faɗa masa ba.

Tun da aurenta ya mutu ta fito da Nagi a kafaɗa, da gwanjon intanet take ciyar da ita. Ta ce masa kayan yara na hannu take saye tana sayarwa, kuma da farko haka ne. Amma abin da yake riƙe da su yanzu 'yan tsanan bikin 'yan mata ne, waɗanda ake saya wa yarinya tun tana ƙarama a riƙa jera mata su duk shekara: sarki da gimbiya, da kuyangi da makaɗa da dogarai. 'Ya'ya mata sun girma, iyaye sun rasu, masu kwashe kayan gidaje su zuba akwatunan a gwanjo. Ita ta saya, ta ware sarki da gimbiya ta aika wa masu tara kayan tarihi a ƙasashen waje. Ta san mahaifin Isamu, kafin ya rasu, sana'ar 'yan tsana yake yi, ta kuma san a garinsu ba a ɗaukar 'yar tsana kamar tukunya ko kujera. Kullum ta buɗe baki za ta faɗa, sai kunya ta rufe mata shi.

Ga kuma yadda take sayen. Sumire ba ta taya kaya da wuri. Wanda ya taya da wuri ya tona wa kansa asiri, masu kuɗi su gani su hau kansa. Ita sai ta nemi dillalan da ba sa ƙara lokaci in an yi tayi a ƙurarren lokaci, ta sa wa wata manhaja iyakar abin da za ta iya biya, ta ce mata ta jefa tayin ana saura daƙiƙa shida a rufe. In ya wuce haka abokin hamayya zai samu damar ramawa, in ya gaza haka layi na iya yin nauyi tayin bai isa ba. Da ta saita sai ta kife wayar, ta je ta dafa wa Nagi abinci, ta yi mata wanka. Duk uwar da ke rainon 'ya ita kaɗai ta san darajar abin da zai tsaya mata a kasuwa hannunta na cikin kumfa.

Akwai wani mai taya da take yawan kayarwa. Shafin ba ya nuna suna, sai harafin farko da taurari, amma ta gane shi da halinsa: ranar farko yake fitowa, in an fi shi ya ƙara kaɗan da hannunsa, a sake finsa ya sake ƙarawa. Ta raɗa masa suna Mai Sammako. Har tausayinsa takan ji, amma tausayin bai taɓa hana ta saita manhajar ba.

Ƙofa ta zuge. Kanae ce, doguwa, fuskarta ɗauke da murmushin da bai kai ido ba. Mahaifinta ne yake kawo wa gidan yadin tufafin 'yan tsana tun da can, ita kuma ta gaji ɗinkinsu.

"Sannunku da hanya. Yaya Isamu, ka bar baƙi a sanyi. A'a, wannan ce 'yar? Ashe ma ta yi wayo haka."

A ɗakin baƙi Uwargida Tokiko, mahaifiyar Isamu, na zaune a miƙe kamar an auna ta da zare, 'yar ƙaramar tsohuwa mai furfura tas. Sumire ta durƙusa, ta kai goshinta kusa da tabarma, ta tura kwalin alewar da ta zo da shi da hannu biyu.

"Na gode da kuka ba ni lokacinku, Inna."

"Ban haife ki ba."

Kunnuwan Sumire suka ɗau zafi. "Ku gafarce ni, Uwargida."

Ga matashin zama nan a gefenta, amma ba a ce ta hau ba, don haka ba ta hau ba. Ta naɗe ƙafafunta ƙarƙashinta a kan tabarma tsura. Kanae ta shigo da tiren shayi, ta ɗauke jakar Sumire ta kai can bakin ƙofa wai don ta samu wurin ajiyewa.

"Ko in kawo miki kujera? Na san 'yan birni ba su jure irin zaman nan."

"Na gode, na saba," in ji Sumire. Rabon da ta yi irin zaman nan tun ranar jana'izar mahaifiyarta.

Nagi dai tun shigowarsu ta kafe tsohuwar da ido. Can ta nuna ta da yatsa.

"Na san ki."

"Nagi!"

"Bar ta," in ji Tokiko. "A ina kika san ni, 'yar nan?"

"A wayar Mama."

Isamu ya yi dariya, a zatonsa hoton da ya taɓa tura wa Sumire ne. Ita ma haka ta zata.

Tokiko ta kurɓi shayi ta ajiye. "Uban yarinyar yana raye?"

"Yana raye."

"Shi ya kore ki, ko ke kika fito?"

Sumire ta ɗora hannu a kan Nagi, ta jawo ta jikinta. Ta ɗago kai.

"Uwargida, duk abin da kuke son sani zan faɗa muku, ba zan rage komai ba. Amma ina roƙonku, ba a kunnenta ba. Ubanta ne."

Kanae ta ɗaga gira tana jiran tsawa. Tsohuwar ta daɗe tana kallon Sumire, sannan ta ɗauki alewa guda ta ɗora a 'yar takarda ta tura gaban Nagi.

"Ci. Kakanninki na wajen uwa fa?"

"Sun rasu, Uwargida," Sumire ta amsa.

"Hmm."

Isamu ya saci kallon Sumire, idonsa na ƙyalli. Ta gane abin da yake nufi: wannan *hmm* ɗin ba kowa ke samunsa ba. Wani sanyi ya ratsa zuciyarta. Aka ci gaba da hira, ana tambayarta abin da take dafa wa yarinyar, da makarantar da za ta sa ta. Tana amsawa, ƙafafunta na yi mata zugi, daga baya ma suka daina. Ta ji daɗi da suka daina.

Agogon bango ya nuna huɗu saura kaɗan. Tokiko ta dube shi, fuskarta ta canza.

"Isamu, ɗauko allon nan."

"Inna, yanzu? Ga baƙi."

"Ƙarfe huɗu za a rufe. Baƙi za su jira, shi ba zai jira ba."

Ya tashi ya kawo babbar waya mai faɗin faranti, ya jingine ta a kan tebur gaban uwarsa. Tokiko ta sa tabarau.

"Tunda kina son shiga gidan nan, gara ki san ciwonsa," ta ce ba tare da ta kalli Sumire ba. "Maigidana fuskar 'yan tsana ya zana duk rayuwarsa. Kowace ya gama sai ya sa ganye uku a ƙasan wuyanta, inda ba mai gani. Yau 'yan matan da aka saya wa sun tsufa, motocin kwashe shara suna zubo min aikinsa a gwanjo kamar tsofaffin takalma. Ni kuma ina bi ina dawo da su gida. Wadda za ta gyaru mu gyara, wadda ta gaji mu kai ta ɗakin ibada a yi mata sallama yadda ya kamata."

Ganye uku. Sumire ta ji kamar an zuba mata ruwan ƙanƙara a ƙeya. Masu ganye uku su ne 'yan ƙasashen waje suka fi so.

"Da ina samu," Tokiko ta ci gaba. "Sai wata shirwa ta ɓullo. Ni ranar farko nake fitowa in ce ga ni, ga tayina. Wanda ya fi ni ya fito mu kara, in ya kayar da ni in sara masa. Ita wannan ba ta fitowa. Sai na kwana bakwai ina gadi, yatsana a kan allo, ana gab da rufewa sai fyuu, ta sure. Kafin in ƙifta ido an rufe."

"Ai ba mutum ba ne ma yake dannawa, Inna," in ji Kanae. "Na'ura suke sawa, su suna can suna barci. Kuma na gani da idona a shafin wasu 'yan waje, an raba su, sarki da gimbiya kawai. Kuyangi da makaɗa da dogarai kuwa, wa ya sani? Wataƙila suna cikin buhun shara."

"Mutumin da zai raba su bai san uwa ba," in ji Tokiko.

Isamu ya juyo wajen Sumire. "Kin tuna Lahadin da nake kiranki raina a ɓace, kina tambayata me ya faru ina cewa ba komai? To shi ne. Inna ba ta cin abinci ranar. Duk ranar da na kama mutumin nan, sai ya durƙusa a nan ɗakin."

Ta tuna. Ranakun nan ne take saya wa Nagi 'ya'yan itace masu tsada, tana rarrashinsa a waya bakinta cike da zaƙi.

"Amma wannan dabam ce," muryar Tokiko ta yi laushi. "Ita ya fara yi shekarar da muka yi aure. Ya ce bai san wata fuska ba sai tawa. Muna cikin rashi lokacin, dole aka sayar. Tun ina da baƙin gashi nake nemanta."

Ta ɗan juya allon.

Gimbiya ce mai jar riga, ƙananan idanu, haɓa a ɗage. Sumire ta san ta. Makon jiya Nagi ta leƙo wayarta ta ɗora yatsa a kan hoton ta ce, "Mama, wannan kar ki aika wa kowa. Wannan tawa ce." Kuma da safen nan, kafin ta yi wa Nagi kitso, ta saita manhajar. Daƙiƙa shida. Ta sa iyakar da ba ta taɓa sa wa wani kaya ba.

A saman allon lokaci na ta zaftarewa. Bai fi minti biyu ba.

Jakarta na can bakin ƙofa. Taku kaɗan ne. Ta buɗe waya, ta danna sokewa, shi ke nan, ba wanda zai taɓa sani.

"Ku gafarce ni, zan ɗan zaga," ta ce da sauri.

Ta dafa tabarma ta yunƙura.

Babu ƙafa. Daga gwiwa zuwa ƙasa kamar an yanke an tafi da su. Ta miƙe rabi, idon sawunta ya lanƙwashe, ta tafi gaba ɗaya ta faɗa kan tebur. Butar shayi ta kife, kofuna suka gangara, ruwan zafi ya malale kan zanen Kanae.

"Wayyo! Wayyo kayana!"

"Sumire!" Isamu ya riƙe ta. "Kar ki motsa, kar ki motsa, za ki karye. Ƙafar ce ta yi sanyi."

"Jakata," ta ce tana haki. "Isamu, jakata, don girman iyayenka."

"Bari jini ya sauko tukuna."

"Na ce a kawo miki kujera kika ce kin saba," Kanae na goge zane tana huci. "Ga sabo nan mun gani."

"Jakata!"

Ta fizge daga hannunsa ta fara jan jiki da gwiwar hannu a kan tabarmar mutane, cikin ruwan shayi, a gaban matar da ta zo neman yardarta. Allurai dubu suka taso mata a ƙafa. Tokiko ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ɗaga allon sama daga ruwan, yatsanta na kansa, leɓɓanta na motsi.

"Goma. Tara. Har yanzu ni ce. Takwas. Maigida, ga ta nan za ta dawo. Bakwai..."

Ta yi shiru.

Yatsan ya danna, ya sake dannawa. Allon ya riga ya canza launi.

Tsohuwar ta cire tabarau a hankali ta ajiye. Ba ta yi kuka ba. Kafaɗunta ne kawai suka sauka, ta koma 'yar mitsitsiya.

Cikin wannan shirun ne jakar da ke bakin ƙofa ta yi ƙara. Wani ɗan kiɗa mai daɗi, kamar na motar mai sayar da alewa. A jirgi Nagi ta kalli wasan yara a wayar, Sumire ta manta ba ta kashe sautin ba.

Nagi ta daka tsalle.

"Mun ci! Mama, mun ci! Gimbiyata ta zo!"

Kafin kowa ya motsa ta ruga ta zaro wayar, ta kawo ta da hannu biyu, ba wurin uwarta ba, wurin Tokiko. Hoton na haske a kai, da rubutun taya murna.

"Kin gani, Kaka? Ai na ce na san ki. Ke ce."

Sumire ta kifa fuskarta a tabarma. Da ƙasa za ta tsage da ta gode mata.

"Tabɗi," in ji Kanae a hankali. "Ashe shirwar ma shayi muka dafa mata."

"Sumire," muryar Isamu kamar ba tasa ba. "Ce min kuskure ne. Ce min yau ne kawai."

Ta girgiza kai ba tare da ta ɗago ba. Hawaye na bin hancinta suna ɗiga.

"Ba yau ne kawai ba."

"Masu ganye uku na bara?" in ji shi. "Na watan jiya?"

"Ni ce."

"Tashi zaune," in ji Tokiko. "Ba na magana da ƙeya."

Ta tashi da ƙyar. Rigarta ta jiƙe, gashinta ya warware. Abu na farko da ta yi shi ne jawo Nagi, wadda ta fara kallon fuskoki tana neman dalilin da ba wanda ya yi tafi.

"Uwargida, ban san ku ne ba. Na rantse ban sani ba. Harafi da taurari kawai nake gani. Ban ɗauka sata nake yi ba, kuma har yanzu doka ba ta ce sata ba ce, amma da na ga yatsanku a kan allon nan..." kuka ya ci ƙarfinta, ta haɗiye. "In na taya da wuri, masu kuɗi sai su danne ni. In na zauna gadin waya, wa zai yi wa yarinyar nan wanka? Ba ni da kowa. Na sa na'ura ta tsaya min don in tsaya mata. Ban taɓa tsayawa na ce wane ne a ɗaya gefen ba. Ban so in sani ba. Wannan laifina ne, ba na kowa ba."

"Wannan ma waje za ki aika?"

"A'a. Ta Nagi ce. Tun da ta yi wayo take ganin 'yan tsana suna shiga ɗakinmu suna fita, kullum tana tambayata wacce ce tata. Mahaifiyata ce ya kamata ta saya mata, ba ta raye. Amma ku karɓa, Uwargida. Da ta iso zan kawo muku, ba na son ko yen ɗaya."

"Ba na karɓar sadaka daga hannun da ya mare ni." Tokiko ta dubi yarinyar, ta sake duban uwar, idonta ya kaɗa. "Kuma ke, da kike kare kunnenta ɗazu, ba ki san aikin 'yar tsana ba? Masifar yarinya take ɗauke mata. Wannan ta riga ta ɗauki ta wata. Kayan wata za ki ɗora wa taki?"

"Na sani," Sumire ta ce da ƙyar. "Na yi niyyar in kai ta ɗakin ibada a tsarkake ta tukuna. Sabuwa ta fi ƙarfina. Na ce gara wadda aka wanke da babu."

Tsohuwar ta ce, "Sauran fa? Kuyangin, da makaɗan. Wace ranar shara kika fitar da su?"

"Ban fitar ba."

"Ƙarya," in ji Kanae.

"Na ɗaure buhu sau ɗaya, na kai har bakin titi, na kasa. Suna cikin ma'ajin shimfiɗarmu. Sun cika shi, mu a ƙasa muke tara bargunanmu."

"A buɗe?"

"A'a. Na naɗe fuskar kowacce da takarda mai laushi. Ba na taɓa fuskar da hannu, na ga tana yin tabo. Ina sa musu maganin asu duk shekara."

Tokiko ta juya baya, ta fuskanci hoton mijinta da ke jikin bango. An gama shayi ke nan.

A bakin ƙofa Sumire ta zauna tana sa wa Nagi takalmi, hannunta ya kasa ɗaure igiyar. Isamu ya tsaya a kanta.

"Kayan yara kika ce min."

"Na ji kunya."

"Kunyar wa? Ni? Ni da na ga kina wanke wandon Nagi a bahon wanka ban ga komai ba sai mace? Sumire, ba cinikin ne ya ƙona ni ba. Na kira ki ina neman wurin jingina, ke kina ce min in yi haƙuri, komai zai wuce."

"Ban san kai nake rarrashi a kan abin da na yi ba!"

"Amma kin san abin da ya isa ki ɓoye."

Ta rufe baki da hannu don kar Nagi ta ji sautin kukan.

"Kawu Isamu, kai ka sa Mama kuka?"

Ya durƙusa ya ɗaure wa yarinyar igiyar takalmin, idonsa jawur. "A'a, Nagi. Ƙafarta ce ke ciwo." Ya miƙe, bai kalli Sumire ba. "Ba zan iya raka ku tasha ba. Ba zan bar ta ita kaɗai yau ba."

"Na sani. Kar ka bar ta." Ta share fuska. "Isamu, in ka ce mu haƙura, ba zan ga laifinka ba. Abu ɗaya nake roƙo, kar ka ɓace wa yarinyar nan rana ɗaya. Ta saba da kai. Ka janye a hankali."

Ya buɗe baki, sai aka ji takun safa a kan katako. Ya matsa gefe.

Tokiko ce, riƙe da rigar sanyin Sumire da tsohuwar safar Nagi da ta faɗo daga jaka. Ta miƙa mata su ba tare da hannunsu ya haɗu ba.

"In akwatin ya iso, kar ki buɗe shi. Kar yarinyar nan ta taɓa shi. Ba za ta ɗauki kayan wata ba ina raye."

"To, Uwargida."

"Ki kawo shi nan da hannunki, tare da duk waɗanda ke cikin ma'ajin. Zan duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. In na ga tabon yatsa ko guda, kar ki sake tako ƙofar nan."

"Inna," Kanae ta leƙo daga ciki, "bayan duk abin da ta..."

"Je ki shanya zanenki, Kanae."

Isamu ya yi ƙarfin hali. "Inna, maganar tamu fa?"

"Ka ji na ce wani abu a kan aure?" Ta ko dube shi ba ta yi ba. "Kuma ba kai za ka ɗauko mata kayan ba. Ita ta kwashe, ita za ta dawo da su."

Nagi ta ja gefen rigar tsohuwar. "Kaka, gimbiyar tawa ce ko taki?"

Tokiko ta sunkuya. Ta kama haɓar yarinyar da yatsa biyu, ta juya fuskar dama, ta juya ta hagu, ta daɗe tana dubawa, irin duban da Sumire ba ta taɓa ganin an yi wa yaro ba.

"Waccan tawa ce," ta ce. "Ke fuskarki dabam."

Ta miƙe, ta dafa ƙofar za ta ja.

"Lahadi mai zuwa. Kuma ki ji ni da kyau, ke shirwa. Ki zo da sassafe, ki ƙwanƙwasa, ki faɗi sunanki. A gidan nan ba a shigowa ana saura daƙiƙa shida."

Ƙofar ta rufe, Isamu na ciki.

Sumire ta tsaya a titi, rigar sanyi a hannu, ta manta ba ta sa ba. Ta ciro wayar. Akwai sauran gwanjo da ta saita na makon gobe, biyu daga ciki masu ganye uku, kuma a kowanne Mai Sammako ya riga ya fito ya tsaya a fili. Abincinsu na wata ke nan. Ta dubi Nagi, ta dubi rufaffiyar ƙofar, ta sa yatsa ta soke su ɗaya bayan ɗaya.

"Mama," Nagi ta ja hannunta. "Mun ci ko ba mu ci ba?"

Sumire ta durƙusa ta zuge mata riga har wuya.

"Ban sani ba tukuna. Zo mu je, akwai akwatuna da za mu nema."